Duniyar Nnako a Cikin Bokitin Ƙuli-ƙuli

Tun da na dawo daga Maraɗi ban sha ruwa da daɗi ba. A aji tambaya, a bakin famfo tambaya, har mai keken da ke ɗaukar mu daga Barkin Sale sai da ya rage gudu ya waiwayo ya ce wai da gaske ne na sayar da duniya a ƙasar waje. Ban sayar ba. Ɓatar da ita na yi, shi ma na yini ɗaya kacal. Ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta da kansa, bakina ya huta.

Malama Hajara, mai koya mana kimiyya, tana da ƙawa a Maraɗi, Hajiya Mariyama, wadda ke da makarantar firamare. Ita ta gayyace mu mu nuna wa yaranta abin da muka ƙera: rana da duniyoyinta takwas, kowace a soke kan wayar keke, a jere kan faifan katako. Wasan shi ne a fara da duniyarmu a tsakiya, yadda mutanen dā suka ɗauka, a bi labari sannu sannu har a ɗauke ta a mayar layi na uku, rana ta hau tsakiya. Malama ta zaɓi mutum biyu: Fati saboda natsuwarta, ni kuma Rabi saboda bakina.

Ɗan duma muka shafa wa rawayan fenti ya zama rana, sauran muka mulmula da yumɓu. Duniyarmu ni aka ba, ta fito kamar ƙosan da aka manta a mai. Ina zaune tsakar gida ina hararar ta sai Nnako, kakata ta wajen uba, ta leƙo. Nnako 'yar Bida ce, kuma a Hausarta kowa "ka" ne, mace ko namiji.

"Wannan fa?"

"Duniya ce, Nnako."

"Allah ya sawwaƙe wa duniya."

Ta shiga ɗaki, ta fito da zaren wuyanta a hannu, ta zare dutsen tsakiyarsa. Na gilashi ne, shuɗi, girman ƙwan zabo, da fararen zane a ciki kamar gajimare. Kakana marigayi, wanda sana'arsa narka kwalba ce a unguwar Masaga ta Bida, shi ya yi mata shi da hannunsa kafin a haifi babana. A cikin duk abin da ya ƙera, wannan kaɗai ya rage a gidan.

"Ni ban yarda ƙasa na yawo ba," in ji ta. "Amma in za a ce abu shi ne duniya, a sa mai kyau. Ka dawo min da shi da hannunka."

Malama ta naɗe kowace duniya a tsumma, ta jera su a kwali, ta ɗaure da igiya, ta ce duk wadda ta kwance kafin Maraɗi a ƙafa za ta dawo Minna. Ni take kallo lokacin da take faɗa. Mamana kuma ta cika bokitin roba da ƙuli-ƙulin Bida mai dunƙule, tsarabar Hajiya, don ba a zuwa gidan mutane hannu na dukan cinya.

Bayan asuba muka bar tasha. Wanda bai bi hanyar Suleja ba ba zai gane ba: akwai ramin da muka shiga da safe, na rantse sai da hantsi muka fito. Duk lokacin da motar ta yi tsalle ina jin kwalin nan a ƙarƙashin kujerata yana ƙwas-ƙwas, zuciyata na amsawa. Da muka hau hanyar Kaduna motar ta yi tsit, kowa ya san dalili. Wata mata ta ja carbi har ya yi zafi. Malama, don ta ɗauke mana hankali, ta ce mu yi bita.

"Rabi, me ya dami masanan dā game da Mirriku?"

Mirriku ita ce jar duniyar nan. Na ce sun lura tana tafiya a sararin sama, sai wata rana ta tsaya, ta koma da baya, sannan ta ci gaba. Tunda sun ce komai duniyarmu yake zagayawa, sai suka ce ai tana 'yan ƙananan zagaye ne a kan babban zagayenta. Lissafi ya ƙi, suka ƙara wani zagayen. Masanan Musulmi suka yi ɗaruruwan shekaru suna aunawa suna gyara, suna cewa akwai abin da bai zauna daidai ba.

"To me ke faruwa a gaskiya?"

Daidai nan direbanmu ya fara wuce wata tirela. Malama ta nuna taga. Tirelar gaba take yi, amma a idonmu baya take ja, don mun fi ta gudu. Mu ne ke wuce Mirriku a hanya, shi ke nan. Mai carbin ta ce, "Ku dai ku yi addu'a mu wuce dajin nan tukuna."

Gab da magariba muka isa Katsina, gidan yayar Malama. Suna alwala na ja kwalin bayan ƙofa na kwance igiyar, don hankalina ya ƙi kwanciya. Zoben duniyar Zuhal ya rabe biyu. Mushtari, babbar cikinsu, ta ɓantare a gefe. Dutsen Nnako lafiya lau, amma saura hanyar gobe. Na duba ko'ina, ban ga wurin da ya fi tsakiyar bokitin ƙuli-ƙuli aminci ba: ba ya motsi, ba mai buɗewa. Na tura dutsen can ƙasa, na ɗauki ƙuli-ƙuli ɗaya mai girmansa na naɗe a tsumman, na mayar da igiya. Har yaba wa kaina na yi. Na ce da mun isa zan musanya, ba wanda zai sani.

Washegari da hantsi muka kai kan iyaka. An duba takardunmu da katin allura, an buga hatimi. Sai wani jami'i dogo, mai gashin baki kamar tsintsiya, ya nuna kwalin da ƙafa.

"Mi ke ciki?"

"Kayan makaranta ne," in ji Malama.

"A buɗe."

Ya fara kwance tsummokaran ɗaya bayan ɗaya, daga gefen rana. Ya kwance ta farko, ya jinjina. Ya kwance Zara, wadda kakanninmu ke kira matar wata. Ta gaba ita ce tawa. Idan ya buɗe, Malama za ta ga ƙuli-ƙuli a gurbin duniya, a gaban masu bindiga. Amma bakina bai taɓa cin amanata ba.

"Yallaɓai, kai da ka yi karatu, duniyoyi nawa ne?"

Ya ɗago. "Tara."

"Takwas ne yanzu."

"Wa ya ci ɗaya?"

Na ce ba a ci ba, sauke ta aka yi. Ƙaramar nan ta ƙarshe, Fuluto. An gano tana da 'yan'uwa irinta da yawa a can bayan gari, har da mai nauyinta. Ko dai a sa su duka a lissafi, ko a ba su wani suna. Sai masana suka zauna suka ce ita da su 'yan ƙananan duniyoyi ne.

Ya ajiye tsumman da ke hannunsa. "An bulale ni a kan taran nan. Bulala shida."

"Allah ya ba da haƙuri, yallaɓai."

Ya kira abokin aikinsa ya faɗa masa, suka kama musu, layi ya taru a bayanmu, direba na ta danna oda. Jami'in ya yi mana hannu mu tafi. Malama ta ce, "Yau surutunki ya yi rana." Na yi murmushin wanda ya haɗiyi ƙashi.

Maraɗi gari ne mai faɗin tituna da yashi, 'yan acaɓarsu kabu-kabu ake kiransu, burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, ɓawonsa na yanka dasashi. Hausarsu ta fi tamu kauri. Da na ce "abeg miƙo min ruwa" sai da yaran gidan Hajiya suka faɗi ƙasa don dariya. Gaisuwarsu kuma ba ta da birki. A Minna "ya gida, ya aiki" an wuce. A can sai an tambayi gajiya, da zafi, da mutanen da ka baro, da waɗanda ka manta kana da su.

Aka kawo fura mai sanyi, aka kawo dambu da zogale. Na ci, na ce bari in ɗan jingina. Kiran sallar la'asar ne ya tashe ni.

Na nufi inda muka ajiye kaya. Bokitin yana nan, an wanke shi tas an kife a rana.

Na samu Hajiya a tsakar gida, na tambaye ta da muryar da ban san ina da ita ba.

"Ai na raba, ɗiyata," in ji ta. "Nan tsaraba ba ta kwana. Gida bakwai na aika wa, kowa ya ɗanɗana na Bida. Za su ji daɗi, ko yau ma sai a yi kwaɗon zogale."

Kwaɗo. Kowa ya san yadda ake kwaɗo: a zuba ƙuli-ƙuli a turmi, a bi shi da taɓarya. Kamar jira ake, sai na ji daga bayan katanga: dum, dum, dum. Wani ya amsa daga can gaba.

Na jawo Fati bayan ɗaki na faɗa mata. Ba ta zage ni ba, abin da ya fi ba ni tsoro ke nan. Ta ce, "Sa hijabinki."

Muka ce za mu gaida maƙwabta. Gidan farko, gaisuwa ta ci minti goma, aka kawo fura, kuma baƙo ba ya ƙin fura. Na sha ina leƙen kwanon ƙuli-ƙulinsu, na ce ina son in ga ko hanya ta farfasa shi, na tona da yatsa har ƙasa. Babu. Gida na biyu, fura. Babu. Gida na uku an riga an daka. Na roƙi matar ta bar ni in taya ta tankaɗe, ina neman shuɗin gari a rariya, tana yaba tarbiyyar 'yan Najeriya. Da muka fito cikina na ƙugi kamar jarka a bayan babur, rana ta yi ƙasa, turame na ta amsa wa juna ta ko'ina.

"Saura huɗu," in ji Fati. "Ba za mu riga taɓarya ba. Ki je ki faɗa."

Na faɗa. Malama ta saurare ni har ƙarshe, ta cire tabarau ta goge ta mayar. Da ma mari ta yi mini. Hajiya ce ta yi magana, a hankali.

"Kyautar da ta shiga gida ba a bin sawunta. Shekara ashirin ina unguwar nan ban taɓa aika kwano na koma na ce a ba ni ba." Ta dubi fuskata. "Na mamaci ne, kin ce?"

"Eh, Hajiya."

Ta ɗauki mayafinta.

Gida na huɗu babu, kuma na ga yadda matar gidan ta dubi Hajiya, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Gida na biyar na Inna Tsahara ne, tsohuwar da duk unguwar ke durƙusa wa. Muna yin sallama na hango ta kan tabarma, turmi a gefenta. A wuyanta, a sabon baƙin zare, ga duniya tana lilo.

"Mariyama, kin kyauta," in ji ta. "Ke da ɓoye kyauta cikin kyauta. Saura kaɗan in murƙushe shi. Na ɗaga taɓarya na sauke, na ji ta zame, na duba na ga ido na kallona."

Hajiya ta gyara mayafi za ta fara bayani. Na ga ba daidai ba ne babba ta ɗauki kunyata. Na durƙusa na faɗi komai, tun daga ramukan hanyar Suleja.

Tsohuwar ta dube ni sama da ƙasa. "Ku ne aka ce kun zo ku gaya wa jikokinmu ƙasa na yawo?"

"Mu ne, Inna."

"Tun ina amarya nike sharar gidan ga. Ƙofata gabas take kallo, ba ta taɓa wayuwa tana kallon yamma ba. Randata ba ta taɓa zuba ba. Rana kuwa ina ganin ta da idona tana hitowa tana faɗuwa. Wa ke yawo?"

Na ce abin da ta faɗa shi manyan masana suka faɗa fiye da shekara dubu, kuma ba wawaye ba ne. Na ce in mota na tafiya a kan kwalta mai santsi, mutum zai sha ruwa bai zuba ba, ya ga itatuwa na gudu alhali shi ke gudu. Da ƙofar da randar da gabas ɗin duk a mota ɗaya suke.

"Bakinki ya hi ki girma," ta ce. Ta shafa dutsen. "Mijinta ya yi mata?"

"Da hannunsa. Ya rasu."

Ta juya dutsen a tafin hannunta. Sannan ta ce, "Yau a wuyana zai kwana. Gobe in zo in ga ƙaryar taku. In na ga dama in kawo."

Da safe yara sun cika rumfar makaranta, sun fi tururuwa. Inna Tsahara ba ta zo ba. Malama ta liƙe zoben Zuhal, ta miƙo mini tsumman nan, ta ce, "Da abin da kika zo da shi za ki fara." Na huda ƙuli-ƙuli da ƙusa na soke shi a tsakiyar faifan. Yaran suka fashe da dariya, wani ya ce yana jin yunwar duniya.

Na fara, idona na kan ƙofa. Na ba su labarin zagaye kan zagaye. Fati ta zama tirela, ni mota, muka nuna musu Mirriku. Na ce sai wani masani ya ce a gwada sa rana a tsakiya a gani, lissafin ya yi sauƙi, amma mutane suka ce ina shaida. Nan ne wurin musanya, kuma ƙofa ba kowa.

Sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda. Yara suka buɗe hanya. Ta zo har gaban tebur, ta kwance zaren, ta cire ƙuli-ƙulin ta miƙa wa mai jin yunwa, ta soke dutsen Nnako a tsakiya, ta dafe shi da yatsa.

"Nan take. Ci gaba."

Na ce, "Yara, ga masanan dā sun iso." Har Malama ta yi dariya. Na ce shaidar da aka nema gilashi ne ya kawo ta, ɗan'uwan wannan da ke ƙarƙashin yatsan Inna. Wani ya goge gilasai ya haɗa madubin hangen nesa, ya duba Mushtari, ya ga watanni huɗu suna zagaya ta, ba ruwansu da mu. Ya duba Zara, ya ga tana cika tana raguwa kamar wata, irin yadda ba zai yiwu ba sai in rana take zagayawa. Wani kuma ya gano hanyoyin ba da'ira ba ne cif, sun ɗan yi tsawo kamar ƙwai. Kowane ya gyara na gabansa, shi ma aka zo aka gyara shi.

"To wa ya yarda a matsar da duniya?" na tambaya.

Hannuwa suka tashi kamar gero a gona. Inna Tsahara ta bi su da kallo, ta ga har da jikokinta uku. Ta zare dutsen, ta ƙirga layi da sandarta, ɗaya, biyu, uku, ta soke shi a wurin.

"Don yara na yi," ta ce da ni. "Ni dai ban ji ta motsa ba. Ki gaida kakarki."

A dawowa a wuyana na ɗaura shi, ƙarƙashin hijabi, hannuna a kai tun daga Maraɗi har Minna. Ko barci ban yi ba. Da na cire shi a Katsina ne na ga abin da taɓarya ta yi: ɗan ɓalli a gefe, kamar ƙwayar gero. Na yi kwana ɗaya ina tsara ƙarya, na samu guda uku masu kyau.

Nnako na kan kujerarta 'yar tsugunno na miƙa mata da hannu biyu. Ba ta ko duba ba. Ta murza shi da babban yatsa, yatsan ya tsaya daidai wurin. Ƙaryata uku suka gudu suka bar ni. Na ba ta labarin yadda na ba ku, ban rage ko furar ba.

Ta zura shi a zarensa, ta ɗaure, ta mayar wuya, ta juya ɓallin ya koma ciki.

"Daga yau duk dakan gidan nan naka ne, har azumi. Ka san nauyin taɓarya."

"To, Nnako."

"Ita tsohuwar, da ka gama surutunka, ta yarda ƙasa na yawo?"

"Ba ta yarda ba."

Nnako ta gyaɗa kai.

"Mai hankali ce. In za a je garin, ka faɗa min in aika mata ƙuli-ƙuli."